ZARE: Tarihin inji da ruwa a fadamar Rima, da abin da ke ƙona mana injina

1/
Jama'a, yau ma zaren tarihi ne, amma na inji. Injin ban ruwa, injin niƙa da injin jirgin ruwa a Wurno, Rabah da Goronyo: yadda suka zo mana, da kuma babban abin da ke kashe su, wato zafi. In a gidanku ana noman rani, ko ana tsallaka gulbi zuwa kasuwa, zaren nan naku ne. Yana da ɗan tsawo, ku biyo ni a hankali.

2/
Me ya sa na damu da wannan? Saboda manomin da injinsa ya buga a watan Maris ba inji kaɗai ya rasa ba. Albasa ko shinkafar rani ba ta jiran bakanike. Kwanaki kaɗan ba ruwa a wannan rana tamu, shi ke nan, kuɗin taki da na iri da na ƙwadago sun bi iska, kuma sau da yawa bashi ne. Shi kuwa mai jirgi, in injinsa ya mutu a tsakiyar gulbi da damina, maganar rai ce.

3/
Mu fara da taswira. Gulbin Rima yana tattaro ruwa daga Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare, ya bi ta Sabon Birni, ya ratsa Goronyo, ya wuce ta gefen Wurno. Rabah kuma tana bakin Gulbin Sakkwato ne, wanda ya gangaro daga Zamfara. Su biyun suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kebbi, su faɗa Kwara. Duk fadamar da muke taƙama da ita, kyautar waɗannan gulabe biyu ce.

4/
Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Masana duwatsu sun nuna cewa shekaru kusan miliyan 70 da suka wuce, wannan yanki namu ƙarƙashin teku yake. Wani reshen teku ne da ya ratso inda Sahara take a yau. Shimfiɗun dutsen da ya bari, da sunayen garuruwanmu ake kiransu a littattafan jami'o'in duniya: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina.

5/
Har ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku aka tono a wannan yanki, mai dogon baki cike da haƙora. A 1930 wani Bature mai suna Swinton ya fara bayaninta, a 1972 kuma masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus. E, daga sunan Goronyo. Ɗan Goronyo, in an yi maka gorin ƙauye, ka ce a je a duba sunan garinku a gidajen tarihi na Turai.

6/
To me ya haɗa wannan da inji? Tekun nan ya bar mana farar ƙasa da jifsam a cikin ƙasa. Farar ƙasar ce ta sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana kwaso sinadarinsa, in aka tafasa shi sai ya bar farin ɓawo. Kun san wanda ke maƙalewa a cikin butar mai shayi? Shi fa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

7/
Noman fadama ya daɗe a nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Garin yana kan tudu, fadama na ƙarƙashinsa, ga tsaro ga abinci. A 1853 Bajamushen nan matafiyi, Barth, ya sauka a Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, lokacin garin ne mazaunin sarki.

8/
A wancan zamani injin ban ruwa shi ne mutum. Da damina gulbi ya cika ya malala, a yi shinkafa. Da rani a koma lambu, a kafa jigo: dogon itace a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya. Wasu kuma ƙwarya ce kawai, daga rijiya zuwa fangali. Ƙarfin ƙirjinka shi ne iyakar gonarka. In jiki ya yi zafi, gumi ya sanyaya shi, a sha fura, a ci gaba.

9/
Turawan mulkin mallaka sun gwada ban ruwa ta magudanai a Kware tun a shekarun 1920. Daga baya aka samu shirin noman rani na Wurno, wanda ke dogara da madatsar Lugu. Kar mu manta, Firimiyan Arewa Sa Ahmadu Bello ɗan Rabah ne, a can aka haife shi, ya kuma riƙe sarautar Rabah daga 1934. Ya san fadama tun yana yaro. Sai dai duk waɗannan shirye-shirye, ruwa ne ke gangara da kansa. Inji bai shigo hannun talaka ba tukuna.

10/
Mu leƙa waje kaɗan. A 1897, a garin Augsburg na Jamus, Rudolf Diesel ya tayar da injinsa na farko da ya yi aiki yadda ake so. Bambancinsa da injin fetur: ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai a fesa mai, ya kama da kansa. Wato tun asali, injin dizal da zafi yake rayuwa.

11/
Wutar da ke tashi a cikin silinda tana kai wajen digiri 2,000. Alminiyon da ake yin fistin da shi kuwa yana narkewa a digiri 660. Kun ga matsalar? A ƙaramin inji, in ka zuba lita uku, kusan lita ɗaya ce ke zama aiki. Kusan ɗaya ta fita ta salansa. Ragowar kuma zafi ne da ke shiga jikin ƙarfe, dole ruwa ko iska su kwashe shi, in ba haka ba inji ya cinye kansa.

12/
Ɗaya daga cikin jiragen farko da suka yi tafiya da dizal na kogi ne, ba na teku ba. Sunansa Vandal, an ƙera shi a Rasha a 1903 don dakon mai a kogin Bolga. A 1912 sai Denmak ta fito da Selandia, babban jirgin teku mai injin dizal, ya tashi daga Kofanhegan har Bankok. Daga nan jiragen gawayi suka fara ja da baya.

13/
Za ka ce ai jirgi a cikin ruwa yake, sanyaya injinsa wace wahala ce? Haka masu ƙira suka ɗauka da farko. Hanya ta farko da suka bi mai sauƙi ce: a zuƙo ruwan waje, a ratsa shi ta cikin jikin inji, a watsar ta salansa. Ba tanki, ba lagireto. Har yau injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale haka yake aiki.

14/
Sai dai ruwan waje yana shigowa da kayansa. Na teku gishiri, na kogi laka da yashi da ciyawa. Gishiri na cin ƙarfe, in ruwan ya yi zafi sosai kuma ya daskare ya toshe hanyoyi. Shi ya sa irin waɗannan injina a teku ake tsare zafinsu a wajen digiri 60, alhali dizal ya fi jin daɗin aiki tsakanin 80 da 90.

15/
Hanya ta biyu ita ce a raba ruwa gida biyu. Na ciki mai tsabta ne, an gauraya shi da maganin tsatsa, yana zagaya inji ba ya fita. Na waje kuma yana bi ta wasu siraran bututai a cikin wani gwangwani, ya kwashe zafin na ciki, ya koma kogi. Suna musayar zafi, amma ba sa haɗuwa. Yawancin injinan dizal na jirgi a yau wannan tsari suke bi.

16/
Hanya ta uku ta fi dacewa da ruwa mai laka irin namu. Ana shimfiɗa bututu a ƙarƙashin jirgin daga waje, ruwan inji ya bi ta ciki, kogi ya sanyaya shi ta jikin ƙarfe. Ko ɗigon ruwan kogi ba ya shiga inji. Jiragen da ke tura kaya a koguna masu dauɗa da jiragen yashe ƙasa sun fi son wannan, don babu abin da zai toshe.

17/
A hanya ta farko da ta biyu, ran tsarin gaba ɗaya yana hannun wata 'yar roba mai fukafukai da makanikai ke kira infela. Ita ke zuƙo ruwan waje. Ruwan da take turawa shi ne kuma man shafawarta. In ta juya a bushe, ko minti ɗaya ba ta kaiwa fukafukan sun ƙone. Gutsattsarin su shige cikin bututu su toshe. Robar da za ta shige aljihun riga, ita ke kashe injin miliyoyi.

18/
A Najeriya manyan jiragen inji a Kwara da Binuwai suka yi zamaninsu: Lokoja, Baro, Makurɗi, har Garwa ta Kamaru. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997, a Lokoja hedikwatarta take. Rima kuwa gulbi ne mai cika da damina ya janye da rani, ba ya ɗaukar babban jirgi. Don haka dizal bai zo mana ta ruwa ba. Ta tudu ya zo, a matsayin injin niƙa.

19/
Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san ƙarar Lista: tum, tum, tum, tun daga nesa. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya fara yin wannan samfuri a wajen 1930. Silinda ɗaya, manyan ƙafafun ƙarfe biyu, juyi a hankali. Kusa da shi za ka ga duro cike da ruwa, da tiyo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wannan duron shi ne lagiretonsa.

20/
Dabarar ta burge ni tun ina yaro ana aike na kai niƙa. Babu famfo ko kaɗan. Ruwan da ya yi zafi a jikin inji ya fi sauƙin nauyi, sai ya hau ta tiyon sama ya zuba a duro. Mai sanyi ya gangaro ta tiyon ƙasa ya maye gurbinsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ruwan duro ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama. Da ya sauka, zagayen ya tsaya cak, ko da duron na da ruwa rabi.

21/
Daga baya Indiya ta shiga kwaikwayon Lista, musamman a garin Rajkot, ya yi araha. Sai kuma na Caina, mai kwance, mai ɗan tanki a buɗe a kansa. Shi wannan da gangan aka yi shi ya tafasa ruwa. Muddin akwai ruwa a tankin, zafinsa ba zai wuce digiri 100 ba, tururi ke tafiya da sauran. Aikinka kawai ka riƙa ƙara ruwa. Amma wane irin ruwa? Nan gizo ke saƙa.

22/
Mu koma tarihi. Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza ƙasar Hausa da Sahel baki ɗaya. Ga kuɗin man fetur sun fara shigowa, sai gwamnatin soja ta ce mafita ita ce manyan madatsai. A 1973 aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, a 1976 aka faɗaɗa irin waɗannan hukumomi zuwa 11 a ƙasa. A 1978 aka kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara.

23/
Bakolori ta zo da hawaye. Manoman da aka karɓe wa gonaki sun tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Mutanen da ke ƙasa da dam kuma, irin su ƙasar Rabah, nasu rashin a hankali ya zo. Ambaliyar da ke jiƙa fadama duk shekara ta ragu, shinkafa ta ja baya a wurare da dama, kifi ma ya ragu.

24/
Sai Goronyo. An kammala ginin dam ɗin a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992. Bango ne na ƙasa mai tsawon kilomita 12 da ɗoriya, an tsara shi ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Daga shi birnin Sakkwato ke samun ruwan sha da rani, har Argungu da Birnin Kebbi suna amfana. Shi ya sa Rima ta daina ƙafewa ƙurmus kamar da.

25/
Amma a ganina, abin da ya sauya rayuwar ƙaramin manomi ya fi dam ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohi suka fara yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da gajerun rijiyoyin bututu. Daga 1993 shirin Fadama na farko, da rancen Bankin Duniya, ya bazu da su. Ruwa na kusa a ƙarƙashin fadama, inji na ɗaukuwa a bayan babur. Cikin 'yan shekaru jigo ya zama labari.

26/
Wanda da yake ban ruwan 'yan fangaloli da guga, ya koma noma kadada. Albasa da tafarnuwar Wurno da Goronyo suka cika motoci zuwa Kudu. Samari da dama da za su tafi cin rani suka tsaya gida. Sana'o'i suka tsiro: masu haƙa rijiya, masu sayar da tiyo, masu gyaran inji a bakin kasuwa. An kawo inji dai, amma littafin kula da shi da Turanci yake, kuma galibi a kwali ake barinsa.

27/
Waɗannan ƙananan injina na fetur, irin Honda da Robin da 'yan Caina masu kama da su, iska ke sanyaya su. Akwai fanka a jikin ƙafar da igiya ke juyawa, murfin gwangwani kuma ke tilasta iskar ta bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda. Sau nawa ka ga an cire murfin nan wai don inji ya sha iska? Wallahi cire shi ke hana shi shan iskar. Fankar sai ta riƙa watsa ta banza.

28/
Baƙin mai ma yana cikin masu kwashe zafi. Irin Honda GX160 ɗin nan, abin da ke cikinsa bai wuce lita 0.6 ba. Kamfanin ya ce a juye shi bayan awa 20 na farko, daga nan duk bayan awa 100. Mai ban ruwa awa takwas kullum, cikin mako biyu ya cinye awa 100. Ka tambayi kanka sau nawa ake juyen mai a gonarku daga Nuwamba zuwa Afrilu.

29/
Bangaren famfon kuma, Bahaushe ya riga ya gama magana: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dole ka cika cikinsa da ruwa kafin ka ja igiya. Akwai wani zobe da ke hana ruwa tsallakawa wajen inji, ruwan ne ke sanyaya shi. In rijiya ta janye ka bar inji yana ta kuka a bushe kana can ƙarƙashin mangwaro kana danna waya, zoben ya ƙone, gobe sai yoyo.

30/
Yanzu mu zo kan ruwa. Tun da dam ya tara ruwa, ga kuma cikar gulbi da damina, ƙauyuka da yawa ba su da hanyar kasuwa sai ta jirgi. Da sanda da filafili ake tuƙi, yanzu wasu sun sa inji a baya. Irin wannan inji Ole Evinrude ya fara sayar da shi a Amurka wajen 1909, Yamaha ta shigo harkar a 1960. Akasari na fetur ne, amma hanyar sanyayarsu ita ce ta farkon nan da na faɗa.

31/
Ƙofar shan ruwansa tana ƙasa, kusa da farfela. Infela na sama da ita kaɗan. A gefen inji kuma akwai ɗan rami da ke tsarto ruwa, matuƙa na ce masa fitsarin inji. Wannan tsartuwar ita ce shaidar cewa ruwa na zagayawa. In ta yi rauni ko ta ɗauke, leda ce ta rufe ƙofar, ko yashi ya cinye robar, ko zanzaro ya gina ɗaki a ramin lokacin da inji ke ajiye.

32/
Ruwan Rima da damina ja ne wur saboda laka. Duk lokacin da matuƙi ya kutsa bakin gaɓa da inji a kunne, farfela na tayar da yashi, infela na haɗiya. Yashin nan kamar sanfefa yake a jikin roba. Masu ƙera injin suna cewa a sauya infela a kai a kai, galibi duk shekara. A ruwa irin namu, wanda ya jira shekara ta cika ma ya yi ganganci.

33/
Mu dawo kan farin ɓawon da na ce ku riƙe. Injin Caina mai buɗaɗɗen tanki tafasa ruwa yake yini guda. Tururi ya tafi, sinadarin dutse da laka su zauna. Kullum ana ƙara ruwa, kullum ɓawo na ƙara kauri a jikin silinda. Ɓawon nan kuwa bargo ne, ba ya barin zafi ya fito. Sai ka ga tanki cike da ruwa, amma ƙarfen ciki na gasuwa.

34/
Na taɓa ganin yadda irin wannan ke ƙarewa a wani gidan niƙa. Yaron da aka bari da inji ya shagala, ruwa ya ƙone ƙaf, ƙarfe ya fara wari. Da ya farga, cikin tsoro ya kwarara bokitin ruwan randa a kai. Ƙara ɗaya muka ji, kan silinda ya tsage. Ƙarfen da ya yi zafi in ya sha sanyi farat ɗaya, haka yake yi. Unguwar ta yi kwanaki mata na kai niƙa wani gari.

35/
Sai maganar tamostat, wannan har da masu mota da tarakta. Ɗan bawul ne da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe. A garejinmu an saba cire shi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Inji mai aiki a sanyaye yana shan mai da yawa, yana tara baƙi, ringi na saurin ci. A wasu injinan ma cire shi na sa ruwa ya riƙa zagaye ta gajeriyar hanya ya ƙi zuwa lagireto. In ya lalace, a sa sabo.

36/
Abin da na lura da shi ke nan da nake haɗa wannan tarihi: ciwon da ke kama ƙaramin inji, shi ke kama dam. A watan Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, aka saki, ƙauyuka da gonaki suka nutse, gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. Madatsar Lugu ma ambaliya ta fasa ta, ta yi shekaru manoman Wurno na kuka a kanta.

37/
A farkon 2018 kuma sai akasin haka. Hukuma ta bayyana cewa ruwan Goronyo ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na abin da aka gina shi ya riƙe. Dalilan da aka bayar sun haɗa da ƙarancin ruwan sama a 2017 da kuma laka da ta taru a cikinsa. Ga kacalla na cike magudanai. Dam ɗin da laka ta cinye wa ciki, da damina ya kasa riƙewa, da rani ya kasa bayarwa.

38/
Mun iya sayen sabo, mun iya bikin ƙaddamarwa. Yashewa, wankewa, sauya 'yar roba kafin ta mutu, nan muke da rauni, daga gwamnati har mai inji ɗaya. Kuma ina ganin dalilin ɗaya ne: wanda ya gyara abin da ya lalace ana ganin aikinsa, a yaba masa. Wanda ya hana shi lalacewa tun farko, babu mai sanin ya yi wani abu.

39/
Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, lissafin noman rani ya sauya. Wasu sun mai da injinansu na gas ɗin girki, masu hali sun koma sola. Mai amfani da gas ya sani, bawul ɗin inji ya fi shan zafi a kansa, don haka mai da iska su zama a kan ƙa'ida. Sola ma zafi da ƙura na rage mata ƙarfi, famfonta na cikin rijiya kuma ruwa ke sanyaya shi. Ba a tsere wa maganar ba.

40/
A watan Agustan 2025 jirgi ya kife da mutane a hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo ta ranar Lahadi. Hukumar NEMA ta ce mutum sama da 50 ne a ciki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Lodi fiye da kima aka fi ambata a matsayin dalili. Na kawo shi ne don mu tuna yawan rayukan da ke hawa jirgi ɗaya. Jirgi mai lodi, injinsa ma wahala yake sha, in ya tsaya a tsakiyar igiyar ruwa babu birki.

41/
To ga abin da zan roƙi duk mai jirgin inji:
Kafin a tashi, ka duba ƙofar shan ruwa, ka cire leda da ciyawa.
Ka tayar, ka ga fitsarin inji da idonka kafin fasinja ya hau.
Kada ka tayar da shi a tudu ba ruwa, ko na gwaji ne.
Ka ɗaga shi in za ka shiga wuri mai yashi.
Ka ajiye infela ta biyu da filafili a cikin jirgi.
Rigar ruwa kuma ba ado ba ce, a sa.

42/
Mai injin dizal na niƙa ko na ban ruwa:
Ruwan sama da aka tara ya fi kowane. In babu, a bar na gulbi ya kwana a duro, a ɗebi na sama.
Lokaci zuwa lokaci a buɗe magudanar ƙasa a wanke tanki.
In ruwa ya ƙone, a kashe inji, a bar shi ya huce da kansa.
Mai lagireto kada ya buɗe murfi da zafi, ruwan ciki na iya haura digiri 100, zai watso maka a fuska.
In baƙin mai ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, gasket ya tafi. A tsaya.

43/
Mai ƙaramin injin fetur: a bar murfi a wurinsa, a share ƙura da ƙaiƙayi daga haƙarƙarin silinda, a yi masa 'yar rumfa wadda iska ke ratsawa. In an saka shi cikin rami don ya kusanci ruwa, ramin ya zama mai faɗi, don kada ya riƙa shaƙar zafin da ya fitar. Kai ma kada ka daɗe a ramin yana aiki, hayaƙinsa na kisa ba tare da ka ji wari ba.

44/
'Yan uwana matasa, yawancinmu mu ne masu karatun gidanmu, mu ne masu waya. Littafin injin da Baba ya saya yana nan a intanet kyauta. Ka nemo lambar injin, ka karanta, ka fassara masa da Hausa. Ka rubuta ranar juyen mai a jikin bango ko a wayarka. Masu karatun injiniya kuma, ga aikin kammala karatu a ƙofar gida: tacen laka mai araha da maƙeran Wurno ko Goronyo za su iya ƙerawa.

45/
Nan zan tsaya. In kai bakanike ne, ko matuƙin jirgi, ko kana da tsoho a gida da ya yi zamanin jigo da zuwan Lista garinku, ka ajiye mana abin da ka sani a ƙasa, wace shekara inji ya fara shigowa ƙauyenku, wa ya kawo shi. Irin wannan tarihi a bakin dattawa yake, kuma suna ta tafiya. Ku tura wa mai inji a danginku. Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, Ya tsare matafiya a tudu da ruwa. Amin.